Amsoshin Tambayoyinku: Rijiya Gaba Miliyan Bakwai

Wasiƙar wannan makon daga wani malamin firamare ta fito, a cikin birnin Kano. Bayan gaisuwa ga abin da ya ce:

"Ina koyar da 'yan aji shida. Ranar nan ina yi musu bayanin cewa duniya a mulmule take kamar lemo, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, to Malam, in aka haƙa rijiya aka yi ta haƙa har ta ɓulla ta ɗaya gefen, mutum ya faɗa ciki, ina zai tsaya? Zai fice ta can ne ya faɗa sama, ko a tsakiya zai maƙale? Na ce masa sai gobe. Yau kwana tara ke nan goben ba ta yi ba. A taimaka a fitar da ni kunya."

Malam, Allah ya ƙara basira, kuma a gaishe mana da yaron nan. Kada "sai gobe" ɗin da ka yi masa ya dame ka. Tambayar da ya jefa maka ta fi shekara ɗari uku tana yawo tsakanin manyan masana. Galileo na Italiya ya taɓo ta a littafinsa na 1632, kuma a kanta ne Isaac Newton da Robert Hooke suka yi ta cacar baki ta wasiƙa a Ingila a ƙarshen 1679. Mai kwana tara bai makara ba.

Ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. In ramin ya miƙe sak ta cibiyar duniya, babu iska a cikinsa, babu abin da zai gogi jikin mutumin, to ba zai maƙale a tsakiya ba, ba kuma zai fice ya faɗa sama ba. Zai wuce tsakiya a guje, daga nan gudunsa ya riƙa raguwa, ya iso ɗaya bakin daidai lokacin da gudun ya ƙare ƙaf. In ya yi wuf ya kama bakin ramin, ya fita. In ya yi sanya, sai ya sake zurmawa ya dawo Kano. Tafiyar minti 42 ce a lissafin da ake koya wa ɗalibai a jami'a, minti 38 kuma a lissafin da ya fi kusa da yadda cikin duniya yake.

Mu fara sanin girman rijiyar. Daga nan zuwa cibiyar duniya kilomita 6,371 ne, daga baki zuwa baki kuwa kilomita 12,742. Mu Hausawa idan muka so kambama zurfi sai mu ce rijiya gaba dubu. Gaba ɗaya ta babban mutum ba ta kai mita biyu ba, saboda haka gaba dubun nan da muke kuri da ita ko kilomita biyu ba ta cika ba. Rijiyar ɗalibinka gaba miliyan bakwai ce.

Rijiyar gidan kakata gaba goma sha biyu ce, ko da yake ni a lokacin ba gabanta ne ya dame ni ba. Abin da nake so shi ne in saki tsakuwa in kasa kunne. Za ka ji tsit, ka ƙirga ɗaya, biyu, sannan ka ji "tsulum" daga can ƙasa, siriri kamar daga wani gida. Na sha dundu a kan wannan wasa, don ruwan sha ne nake cika wa tsakuwa. Sai da na girma na gane awo nake yi ban sani ba. Abin da aka saki yana cin mita biyar a sakan na farko, mita 20 a sakan biyu, mita 45 a sakan uku. Ba gudu ɗaya yake yi ba, kowane sakan ƙara masa ake yi, kimanin kilomita 35 a awa a kan wanda yake da shi. Cikin sakan goma ya kai kilomita 350 a awa. Abin da ke ƙara masa gudun shi ne jan ƙasa. A rediyo za ka ji ana kiransa maganaɗisun ƙasa, amma ni ba na son sunan, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa ya ƙyale kara da auduga, wannan kuwa ba ya zaɓe. Duk abin da yake da jiki yana jan duk wani abin da yake da jiki. Kai ma kana jan alli da ke hannunka, ƙarfin ne dai bai taka kara ya karya ba.

A nan ne yawancin mutane ke yin kuskure. Suna ɗauka akwai wani abu a binne a cibiyar duniya da ke jawo komai, don haka duk wanda ya matsa kusa da shi jan zai ƙaru. Babu wani abu a binne. Duniyar ce gaba ɗayanta ke ja, kowane dutse, kowane ɗigon ruwa. Kana tsaye a doron ƙasa, dukkanta tana ƙarƙashin ƙafarka, jan ya haɗu ya nufi ƙasa. Da ka nutsa cikin rami kuwa, wani sashe ya koma bisa kanka, wani a gefunanka.

Ka ɗauki duniya kamar albasa, ɓawo a kan ɓawo. Newton ya nuna a littafinsa na 1687 cewa wanda ke cikin ɓawo guda mulmulalle, mai kauri iri ɗaya ko'ina, ɓawon nan ba ya jansa ko ta wace fuska. Ba sai yana tsakiya ba. Ko ya raɓe a jikin bango ne, jan da ake yi masa ta gaba da ta baya kashe juna suke yi. Na san zuciya ba ta saurin yarda da wannan, domin ai bangon da ke kusa ya kamata ya fi ƙarfi. To ka gwada da tocila. Ka tsaya a ɗaki da daddare ka haska bangon da ke kusa da kai, za ka ga ɗan ƙaramin da'ira. Ka juya ka haska wanda ya ninka shi nisa sau biyu, wurin da hasken ya rufe zai ninka na farko sau huɗu. Shi kuma jan nan ɗabi'arsa ita ce in nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa ya koma rubu'i. Ƙasa ninki huɗu, kowane ɓangare yana ja da rubu'in ƙarfi, ka ga an tashi canjaras ke nan da ɗan guntun da ke kusa. Duk ta inda ka juya tocilar haka lissafin zai fito.

Abin da wannan ke nufi ga mai faɗawa rijiyarmu shi ne duk ɓawon da ya wuce ya fita daga lissafi. Dunƙulen da ya rage a ƙarƙashinsa ne kaɗai ke jansa, kuma dunƙulen nan ƙanƙancewa yake yi. Mu ƙaddara cewa cikin duniya iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, kamar curin tuwo. A rabin hanya zuwa cibiya, dunƙulen da ya rage kashi ɗaya cikin takwas ne na duniya, amma mutumin ya matso kusa da tsakiyarsa da rabi, wanda ke ninka jan sau huɗu. Huɗu cikin takwas, rabi ke nan. A rabin hanya rabin ja, a rubu'in da ya rage rubu'in ja, a cibiya babu ja sam.

Sai yaron ya ce, ai ga shi nan, tunda babu ja a tsakiya, a nan zai tsaya. A'a. Rashin ja ba birki ba ne. Ka tuna masa da lilo. Wanda aka ja baya aka saki, a ina ya fi gudu? A ƙasa, daidai tsakiya, inda babu sauran gangara. Ba ya tsayawa a wurin, gudun da ya tara ne ke ɗaukarsa ya haye ɗaya gefen har ya kai tsayin da ya baro. Rijiyar nan lilo ce, babba. Minti 21 mutumin yana tara gudu, ya ratsa cibiya yana cin kusan kilomita takwas a kowane sakan, wato sama da kilomita 28,000 a awa, ninki talatin na jirgin saman fasinja. Da wannan gudu Kano zuwa Kaduna bai kai rabin minti ba. Da ya wuce tsakiya, jan da ke tura shi ɗazu ya koma bayansa yana riƙe shi. Abin da aka ba shi a minti 21 na farko, shi za a karɓe a minti 21 na biyu, babu ragi babu ƙari.

Za ka so ka san me zai ji a jikinsa. Ba zai ji komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki a dukan al'amarin. Nauyin da kake ji yanzu ba jan ƙasa kake ji ba, kujera ce ke tokare ka. Ka san yadda cikin mutum ke ɗagawa idan direba ya haye tudun kwalta a guje motar ta ɗan yi tsalle? Wannan ɗan lokacin ne kujera ta daina tokare ka. Mai faɗawa rijiyar nan haka zai ji tun daga sakan na farko har na ƙarshe, minti arba'in da biyu yana reto kamar 'yan sama jannati. In da gorar ruwa a hannunsa ya sake ta, a gabansa za ta tsaya, don tare suke faɗuwa. In an rufe masa ido ba zai san lokacin da ya wuce cibiya ba. Sai dai ka gaya wa yaron, in da ƙafa mutumin ya shiga, da ƙafa zai fito, kansa a ƙasa, domin abin da yake "ƙasa" a Kano shi ne "sama" a can.

Can ɗin kuma ina ne? Da yawa za su ce Amurka, wasu su ce Sin. Duk ba haka ba ne. Kano tana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka bayanta yana digiri 12 kudu, a tsakiyar tekun Fasifik, kimanin kilomita 200 arewa da tsibiran Samowa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sa'a a nan: tsibiran Samowa ɗin suna daidai bayan yankin da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram, saboda haka akwai ƙauyukan da in an haƙa daga can a kan tudu za a ɓulla. Mu kuwa sai mun gina wa bakin ramin katanga, in ba haka ba teku ta tuntsuro ciki. Wanda ya faɗa da rana tsaka, da tsakar dare zai fito. Akwai kuma wata 'yar ƙura. Kano ta ɗara teku tudu da mita ɗari huɗu da wani abu, kuma lilo tsayin da ya baro yake komawa. Bakano zai fito ta can ya yi sama da wannan tsayin kafin ya tsaya. Basamowe kuwa in ya faɗo ta nasu gefen, zai zo ya hango hasken bakin ramin Kano daga nesa, gudunsa ya ƙare, ya koma gida bai sha ko ruwa ba.

Yanzu ga inda lissafin ya fi daɗi, ka ɗan ƙara haƙuri da ni.

A ce ba ta cibiya ramin ya bi ba. A ce an huda shi miƙaƙƙe kamar kibiya daga Kano zuwa Legas, aka shimfiɗa dogo mai santsin da ba ya riƙe taya ko kaɗan, aka zuƙe iskar ciki. Saboda duniya a lanƙwashe take, miƙaƙƙen rami daga kowane baki gangara ne zuwa tsakiya. Tarago zai gangara da kansa, babu inji babu mai, ya haura ɗaya gefen da gudun da ya tara. Tsawon ramin kilomita 830 ne ko kusa da haka, tsakiyarsa tana da zurfin kilomita 13 da ɗoriya, kuma a can taragon zai kai kilomita 1,800 a awa. Minti nawa zai ɗauka? Arba'in da biyu. To a huda wani daga Kano zuwa Kaduna, kilomita 200 kacal, zurfinsa bai kai kilomita ɗaya ba. Minti nawa? Arba'in da biyu. Kano zuwa Landan, arba'in da biyu. Gajeren rami gangararsa kwance take, tarago a hankali yake tafiya. Dogon rami gangararsa a tsaye take, gudu ya yi yawa. Ƙarin nisa da ƙarin gudu suna cinye juna daidai wa daida. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Paul Cooper, ya wallafa wannan a 1966, har mujallar Time ta ɗauki labarin, mutane suka yi ta mafarkin jirgin ƙasan da jadawalinsa layi ɗaya ne: ko'ina za ka, minti 42.

Akwai wani abin kuma. In aka harba tauraron ɗan'adam ya riƙa zagaya duniya daf da doron ƙasa, a ce babu iska babu tsaunuka, zagaye ɗaya minti 84 zai ci, rabin zagaye 42. Wato in mutuminmu ya faɗa rijiya daidai lokacin da tauraron ya gifta bisa Kano, tare za su isa bayan duniya, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da yake tana tsayin kilomita 400, zagayenta ya ɗan fi haka, awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Wannan ba dace ba ne. Ja ɗaya ne ke aiki a kan su duka biyun, kuma shi ma tauraron faɗuwa yake yi, gudunsa na gefe ne ya sa kullum yake kuskure ƙasa.

To daga ina 42 ɗin nan ta fito, tunda ba daga nisa ba? Daga nauyin mudu. Ka san mudun auduga da mudun tsakuwa girmansu ɗaya, nauyinsu ne ya bambanta. In ka auni duniya gaba ɗaya mudu-mudu ka raba, kowane mudu ya ninka mudun ruwa nauyi sau biyar da rabi. Wannan adadi shi kaɗai ke yanke tsawon tafiyar, girman dunƙulen ba ya shiga ciki. Wata faɗinsa kilomita 3,474 ne, ɗan sama da rubu'in na duniya, sai ka zaci huda shi minti goma ne. Ina! Minti hamsin da 'yan kai ne, ya fi na duniya daɗewa, domin mudunsa ya fi sauƙi, sau uku da sulusi na ruwa. Duniyar Mars wajen minti hamsin. Da za a sami dutse mulmulalle mai girman Dutsen Dala yana shawagi shi kaɗai a sarari, a huda shi a saki tsakuwa a bakin hudar, sai ta yi wajen awa guda tana rarrafe kafin ta leƙo ta ɗaya gefen. Ni a ganina wannan ne asalin darasin tambayar. Wanda ya riƙe agogo a bakin rijiyar nan ba zurfinta yake aunawa ba, abin da aka cusa a cikin duniya yake aunawa.

Shi ya sa 42 ta koma 38. Duniya ba curin tuwo ba ce, ta fi kama da dafaffen ƙwai. Duwatsun ɓawonta ba su kai ninki uku na ruwa ba, amma gwaiduwarta ƙarfe ce, wadda a can cibiya ta kai ninki 13. Babu wanda ya je ya gani. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin, kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya ji ko da tsaga. Motsin girgiza yana ratsa duniya, na'urori a ƙasashe daban-daban suna rubuta lokacin da ya iso, kuma akwai irin motsin da ba ya iya ratsa ruwa. Da haka aka gane cewa daga zurfin kilomita 2,900 narkakken ƙarfe ne. A 1936 wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, ta gano cewa a cikin narkakken akwai wata gwaiduwar daban, wadda ta fara daga zurfin kilomita 5,150 ko kusa da haka. Tunda nauyin ya taru a tsakiya, ɓawon da mai faɗuwa yake bari a baya marar nauyi ne, shi kuma yana ƙara kusantar mai nauyin. Don haka jan ba ya raguwa da wuri kamar yadda muka ƙaddara ɗazu. Yana nan yadda yake, har ma ya ɗan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma a bakin gwaiduwa, sannan ya sauka zuwa sifili. A 2015 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar McGill ta Kanada, Alexander Klotz, ya sake lissafin da ainihin awon cikin duniya, ya sami minti 38 da sakan 11. Gudun cibiya kuma ya haura zuwa kusan kilomita goma a sakan. Gajerun ramuka irin na Kaduna da Legas suna nan a kan 42 ɗinsu, tunda ba su kusanci gwaiduwa ba.

Duk wannan a kan allo ne, Malam. Na san yaron da ya iya yin tambayar nan zai ce to me ya hana a haƙa.

Iska kaɗai ta isa ta ɓata wasan. Wanda ya diro daga jirgi kafin ya buɗe laima ba ya wuce kilomita 200 a awa sosai, iska ce ke tokare shi. Da wannan gudu sai an fi awa talatin kafin a kai cibiya, kuma ko hakan ba zai samu ba, domin iskar rami danne juna take yi, matsinta yana ninkawa kusan kowane kilomita shida. Cikin 'yan gomomin kilomita ta yi kaurin da babu ƙirjin da zai ɗauka. A rami mai iska, hasashen yaron na biyu ne ya fi kusa: mutumin a ciki zai ƙare, ba zai ga ɗaya bakin ba.

Sai juyawar duniya, kuma a nan ne Newton da Hooke suka saɓa. Kana zaune a Kano, ƙasa tana tafe da kai gabas da gudun sama da kilomita 1,600 a awa, ba ka ji ne don komai tare yake tafiya. Amma can ƙasa da'irar ta fi ƙanƙanta, bangon rami bai kai wannan gudu ba. Mai faɗuwa ya taho da gudun doron ƙasa, saboda haka zai riƙa tsere wa bangon yana karkata gabas. Newton ne ya fara rubuta wa Hooke cewa abin da aka saki daga sama gabas zai kauce, ya kuma zana masa hanyar da zai bi in ƙasa ta buɗe masa, tana nannaɗewa kamar gammo har cibiya. Hooke ya mayar da amsa cewa zanen kuskure ne, in babu abin da ke riƙe shi zagaye mai siffar ƙwai zai riƙa yi. Newton bai ji daɗin gyaran ba, amma batun kaucewa gabas ya tabbata. A farkon shekarun 1830 wani Bajamushe, Ferdinand Reich, ya yi ta sakin ƙwallaye a ramin ma'adinai mai zurfin mita 158 a Freiberg, ya ga suna kaucewa gabas da milimita 28, faɗin yatsa biyu bai cika ba. Kaɗan ne, amma ƙaruwa yake yi da zurfi. A rijiyar Kano mai faɗin mita biyu, wanda ya faɗa ta tsakiya zai gogi bangon gabas kafin ya kai kilomita ɗaya da rabi, yana gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Ramin da zai tsira daga wannan shi ne wanda ya bi sandar da duniya ke juyawa a kai, daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, ƙanƙara zuwa ƙanƙara.

Zafi kuwa ba sai an je da nisa ba. A mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita huɗu, dutse yana haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sai an riƙa tura ƙanƙara ƙasa kafin ma'aikata su iya aiki. Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa hudawa yana Kola, a arewacin Rasha kusa da iyakar Nowe. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, faɗinsa santimita 23, babban mutum ba zai shige ba. A ƙasansa zafi ya kai digiri 180, dutse ya fara laushi yana matse hudar, dole aka haƙura. Shekara goma sha tara na aiki, kashi ɗaya cikin 500 na hanyar cibiya aka ci. Ka lura ko ramin Legas ɗinmu ya fi shi zurfi. A cibiya zafi ya haura digiri 5,000, matsin kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa sau miliyan uku da rabi. Babu siminti ko ƙarfen da za a yi wa wannan rijiya ɗauri da shi. In dai ana son gwadawa wata rana, wata ya fi dacewa: babu iska, juyawarsa kuma a hankali ce, sau ɗaya a kwana 27.

Goben da ka yi wa yaron alkawari, kada ka shiga aji da lambobi kaɗai. Ka tafi da zare mai tsawon mita ɗaya da ɗan dutse, ka ɗaure, ka rataye a bakin ƙofa. Ka sa shi ya ja dutsen taƙi ɗaya ya saki, 'yan aji su ƙirga zuwa da dawowa goma, wani yana duba agogo. Za su sami sakan ashirin. Ya sake ja taƙi biyu, su sake ƙirgawa. Za su sami sakan ashirin ɗin dai. Sai ka tambaye su dalili, ka yi shiru, ka ga wanda zai fara cewa wanda ya fi nisa ai ya fi gudu. Daga nan ka ba su labarin Kaduna da Legas.

Gwajin tsakuwa a rijiya kuwa, in za a yi, kai za ka riƙe tsakuwar, yara su tsaya nesa da baki su ƙirga. Muna jiran wasiƙarka ta gaba, Malam, mu ji abin da yaron ya sake tambaya.